Inji yana juyawa amma mota ta ƙi tashi: abin da muka gani game da na'urar hana sata

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana uku ke nan motata tana juya inji lafiya ƙalau amma ta ƙi kamawa, kuma wata 'yar jar fitila mai hoton makulli tana ta ƙyaftawa a dashbod ko bayan na murɗa makulli. An sauya fulogi da famfon mai, ba abin da ya canza. Ina roƙon duk wanda ya taɓa cin karo da wannan ya faɗa mana yadda ta kaya.

Mai aikin wayarin: Wa alaikumus salam. Malam, wannan fitilar ta na'urar hana sata ce, ita ce ta kamata a fara dubawa kafin a taɓa famfo, domin idan mota ta gane makullinta fitilar tana mutuwa, idan kuwa ta ci gaba da ƙyaftawa, ƙwaƙwalwar motar, wato na'urar da ke sarrafa inji, ita ce ta hana mai ko wuta da gangan. A cikin kan makulli akwai wata 'yar ƙwayar lantarki da ba ta amfani da batir, tana samun ƙarfi ne daga wani zoben waya da ke kewaye da ramin makulli, sannan ta mayar masa da lambar sirrinta. Na sha buɗe murfin sitiyari in tarar soket ɗin zoben ne kawai ya saki. Ka fara gwada makulli na biyu, sannan a sa wa motar kwamfutar gano matsala. Idan ta nuna lambar P0513, ma'anarta motar ba ta amince da makullin ba.

Wata mamba: Ni makullina ne ya faɗi a kan siminti ya tsage, na haɗa shi na ɗaure da salatef, ban san ƙwayar ta fice ba, don ba ta fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba. Rimot yana buɗe ƙofa, wannan ne ya ruɗe mu har tsawon yini guda.

Tsohon direba: Tawa Volkswagen ce, kuma ita takan tashi ne na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ta mutu. Abin ya faro ne ranar da aka sa mata ƙwaƙwalwar wata motar, ba a daidaita ta da makullaina ba. Amma ina ba ka shawara, ɗan'uwa, ka auna batir tukuna: lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6, kuma idan ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin tayarwa, na'urorin kan rikice. Kada kuma ka yarda a cire maka na'urar hana satar gaba ɗaya, abin yana ba ni takaici ƙwarai idan na ga an yi haka saboda waya guda.

Mai buɗe zance: Na gode, Allah ya saka da alheri. Makulli na biyu ma bai tayar da ita ba, batir kuma lafiyarsa lau, sai muka koma kan zoben, muka tarar waya ɗaya ta tsinke daidai inda sitiyari yake gugar ta. An haɗa ta, fitilar ta mutu, motar ta tashi a murɗawar farko.