Neman shawara: malamina ya ce Ɗan Tafa ba falsafar Afirka ba ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a digiri na uku, sashen falsafa. Burina in rubuta kundina kan Shehu Abdulƙadir Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864. Malamin da ke duba aikina ya dawo min da takardar, ya rubuta da jan biro a gefe cewa wannan na sashen Larabci ne, in koma kan karin maganar Hausa. Larabcina kuma na Islamiyya ne kawai, ga kuɗin tallafi yana da wa'adi. In tsaya ko in bi shi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe ina koyarwa, kuma wannan gardamar ta girme ka. Placide Tempels, wani ɗan mishan daga Beljiyam, ya fitar da littafinsa kan falsafar Bantu a 1945, sai Paulin Hountondji na Benin ya yi masa raddi: ɗaukar al'adun jama'a a ce shi ne tunaninsu gaba ɗaya ba falsafa ba ce, sai an ga mutum da sunansa, da rubutunsa, da hujjar da za a iya kamawa a warware. To auna da wannan ma'aunin. Karin maganar ce ma za ta sha tambaya, Ɗan Tafa kuwa ya cika sharaɗi. In kuma harshe ne matsalar, ai da Faransanci Hountondji ya yi rubutu, ba wanda ya tura shi sashen Faransanci. Ka karanta Souleymane Bachir Diagne na Senegal kan rubutun Larabci a Afirka ta Yamma. Amma kada ka je wa malaminka da sigar musu. Zuba hujjar a babi na ɗaya, ka miƙa masa da ladabi.

Amsa ta biyu: Yaya, ni Larabcin ne ya fi damuna. Littattafan Ɗan Tafa rubutun hannu ne na warash, babu wasali, wani kwafin tawadar ta dushe har ɗigon ba ya fita. Ka je ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Arewa House a Kaduna ka ga abin da ke hannu tukuna. Ka nemi malamin zaure ku riƙa bi layi-layi, ka kuma roƙi a haɗa ka da mai duba aiki na biyu daga sashen Larabci. Littafi ɗaya tak za ka ɗauka.

Amsa ta uku: Ku yi haƙuri, ban yarda ba. Mai sa hannu shi ne mai sa hannu. Odera Oruka na Kenya dattawa ya bi yana yi musu tambayoyi, kuma aikinsa ya karɓu. Yi irin wannan da Hausa ka gama, Ɗan Tafa ba gudu zai yi ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Malam, maganar mai duba aiki na biyu, ni zan fara ɗaga ta ko shugaban sashe?

Amsa ta farko: Kai ne, kuma a ofishin malamin da ke duba aikinka, ku biyu. In ya ji ta daga sama, ka ɓata komai.