Wace waƙa ce ta taɓa isar ku, kuma da gaske waƙar yanzu ta lalace?

Baban Khalifa, Ƙofar Ƙaura

Salamu alaikum jama'a. Ni tela ne, shekarata 54, yara huɗu ke koyon ɗinki a shagona. Tun bayan ƙaramar Salla akwai wata waƙar soyayya da suka maƙale wa. Ba zan faɗi mai ita ba, don ban zo cin mutuncin kowa ba. Baiti ɗaya ake ta juyawa, muryar kuma kamar ta cikin bututu take fitowa. Ranar Talata na ƙirga, sau goma sha ɗaya ta zagayo kafin la'asar. Na kashe, na sa masu Shata. Ƙaraminsu ya saurara kaɗan ya ce, "Baba, wannan ai magana yake yi, yaushe za a fara waƙar?" Maganar ta tsaya mani a rai har na je gida. Shi ne nake tambaya: wace waƙa ce ta taɓa isar ku, a ina, kuma me ya faru? Abin da ya same ku nake son ji. Hukuncin kiɗa mu bar wa malamai.

Direban Katsina zuwa Daura

Wa alaikumus salam, Baba. Ni wadda ta ishe ni ta siyasa ce. Gab da zaɓen 2023 yaron motata ya tura mani wata a memori, kiɗan da daɗi, na sa ban ma kula da kalmomin ba. Ashe zagi ne tsantsa, har da iyayen mutane. Wani dattijo a gidan gaba ya ce in kashe, wani saurayi a baya ya ce wallahi ba za a kashe ba, kuɗinsa ya biya. Kafin mu kai Mashi sun kusa cin kwalar juna, dattijon ya sauka nan bai ƙarasa tafiyarsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun ranar, in na ɗauko fasinja gauraye, Ɗan Maraya Jos nake sawa. Waƙarsa ta karen mota, tsoho da yaro kowa murmushi yake, kuma mutum ɗaya ne da kuntiginsa.

Maman Hanifa, Rafindadi

Baban Khalifa, ka taɓo mani inda ke mani ƙaiƙayi. Bikina a 1998 aka yi, masu amada aka kira. An kifa ƙwarya a cikin ruwa, wasu a kan tsumma, mata zalla a tsakar gida, an tura yara waje, namiji ko ɗaya babu. Kada wani ya ce mana waƙoƙin da babu maganar manya a ciki. Wadda ta san Barmani Choge ta Funtuwa, Allah ya jiƙan ta, ta san akwai habaicin kishiya, akwai ma abin da ba a maimaitawa gaban suruki. Amma a lulluɓe yake, kuma bai wuce zaure ba.

Bara muka aurar da 'yar yayata. Ƙawayen amarya suka ɗauko DJ, ya jera lasifika a bakin titi. Sai ga wata waƙa da ta ambaci jikin mace gaɓa-gaɓa, ƙarara, unguwa duk tana ji. Mahaifinmu na zaune a ƙofar gida da abokansa. Na ga ya sunkuyar da kai ya tashi ya shige. Na je na roƙi yaron ya canza, ya ce ita amarya ta rubuta masa a takarda. Kwana biyu bayan nan na ji 'yata mai shekara shida tana rera ta tana wanke-wanke. Wannan ita ce waƙar da na tsana, kuma har yau in na ji ta a Keke NAPEP sai gabana ya faɗi.

Mai haɗa kiɗa, Sabuwar Unguwa

Baba, Allah ya ƙara girma. Umma, ki yi haƙuri, abin da aka yi a bikin nan bai dace ba. Amma ku ba ni dama in faɗi yadda aikin yake daga ciki, shekarata shida a situdiyo.

Yaro zai zo da ɗan kuɗin da ya tara, na awa uku ko huɗu. A cikinsu zan haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta, ya ɗora murya, in gyara. Muryar bututun da Baba ya faɗa, manhaja ce mai miƙe murya in ta kauce. In an sa ta kaɗan ba mai ganewa. In an murɗa ta har ƙarshe sai ta koma ta ƙarfe, kuma wallahi su suke cewa in ƙara, don haka suka ji a waƙar da ta yi tashe. Maimaita baiti ɗaya kuwa, TikTok ne ya jawo. In amshin bai kama mutum a daƙiƙun farko ba, ya wuce. Saboda haka ƙarfin duk a amshi ake zuba shi, sauran baitocin cike gurbi ne.

Shata yana tsaye, makaɗa na kiɗa, 'yan amshi na karɓa, shi kuma yana ƙulla baiti na gaba a ransa yana kallon wanda yake wa waƙar. Wa zai ɗauki nauyin mutum takwas yau? Duk da haka akwai masu zama su rubuta. Ku saurari Aminu Ala ku ji Hausa. Ni kaina akwai waƙoƙin da na haɗa da hannuna waɗanda ba na sawa a gidanmu, wannan gaskiya ne, kuma yana damuna.

Tsohon malamin firamare, Daura

Ɗana mai haɗa kiɗa, ka yi magana ta hankali. Bari in ba ku nawa, ni da aka haifa a 1951.

Mahaifina malamin zaure ne. A gidanmu sunan Shata ba ya shiga. Ana ce masa mawaƙin mashaya, saboda waƙarsa ta shan ruwa, kuma kun san ruwan da ake nufi. Goge da kukuma kuwa, wannan kiɗan 'yan duniya ne a wurinsu. Ina da shekara goma sha biyar na saci jiki na je kallon wasa, wani maƙwabci ya gan ni. Bulalar da na sha a daren har yau ina tuna ta. Abin da mahaifina ya faɗa shi ne, waƙa ta mutu tun da aka bar faifan sarakuna da na manoma aka koma wa 'yan bariki. Kusan kalmomin da muke faɗa wa jikokinmu ke nan. Shi kansa Shata, a Musawa, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba.

To mutumin nan da aka hana mu ji, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999, aka kawo shi nan Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Ina cikin waɗanda suka tsaya a sahu. Na ga dattawa sa'o'in yayyena, waɗanda na san sun taɓa zaginsa, suna share hawaye.

Wani abu kuma da muke mantawa: a zamaninmu ma akwai tarkace. Kowace kasuwa da mawaƙinta mai baiti biyu da roƙo, wasu in ba ka ba su ba su zage ka tas. Babu wanda ya adana kaset ɗinsu. Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa su ne tsabar da ta rage a faifai bayan an sheƙe, sai mu ɗauke su mu gwada da duk abin da aka fitar makon jiya, har da ƙaiƙayin.

Inda na yarda an yi asara wuri ɗaya ne, kuma yana mani ciwo a matsayina na wanda ya koyar da Hausa. Karin sauti. Kalangu bin hawa da saukar magana yake, mai kiɗa ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, shi ya sa ake cewa yana magana. Waƙa a kansa dole ta bi harshe. Yanzu sai a ɗauko karin Indiya a tura kalmomin ciki da ƙarfi. Na ji wani yana son ya ce ya sha wuya, ya ja kalmar ta koma wuyan da ake rataya sarƙa. Jikata ba ta ji komai ba. Ni kuwa kunnena ya ƙi.

Ɗaliba, Dutsin Safe

Kaka, ni ce irin jikar taka. Shekarata 21. Mamata kullum cewa take waƙoƙinmu hayaniya ne, amma nata na finafinan farkon shekarun 2000 ne, irin na zamanin Sangaya, fiyano da siririyar murya. Kakata kuwa ta ce lokacin da suka fito har kaset ta taɓa fasawa. Ni waɗannan ɗin ne ba na iya ji, in Mama ta sa sai in koma ɗaki. Amma lokacin kullen korona a 2020, muna gida ba makaranta ba fita, wata waƙar soyayya da ta yi tashe a lokacin ita ta riƙe ni. Na ga Mama ma tana gyaɗa kai a kicin. In na ji ta yanzu sai in tuna yayana da ya rasu a shekarar, shi ya tura mani. Kowa ya ce ba ta da ma'ana, ni dai tana da ita a wurina.

Maman Hanifa, Rafindadi

Allah ya jiƙan yayanki, 'yata. Irin wannan ba da ita nake ba.

Ɗan gidan makaɗa, Daura

Ni ban tsani wata waƙa ba, abin da na gani zan faɗa. Mahaifina makaɗin kalangu ne, gado ne, kakanmu mahauta yake yi wa kiɗa. Da muna yara, daga kaka zuwa bazara ba ya kwana gida a jere, biki nan suna can, har Mai'aduwa da ƙetaren iyaka. Da liƙi aka yi mana sutura aka sa mu makaranta. Yanzu sai Salla da Sallar Gani yake fita. Kalangunsa biyu na rataye a ɗaki, ɗaya fatar ta tsage. A cikinmu mu bakwai babu wanda ya koya, ni gyaran waya nake yi, kuma rabin aikina tura wa mutane waƙoƙi ne a memori. Wani lokaci da dare yakan sauko da mai lafiyar ya ɗan taɓa a hankali, ya kira sunan kowannenmu da kiɗa. Ni kaɗai nake gane nawa.

Baban Khalifa, Ƙofar Ƙaura

Na gode jama'a, na karanta duka, na Malam sau biyu. Jiya na sake sa wa yaron Shata, wannan karon ban bar shi shi kaɗai ba, ina tsayarwa ina gaya masa wa ake yi wa, me kalmar take nufi. Ashe rabin kalmomin bai san su ba, kuma ni ban taɓa zama na gaya masa ba. Bai ce ya so ta ba, amma ya tambaye ni mene ne bakandamiya.

Ɗan gidan makaɗa, bayan babbar Salla zan aurar da 'yata ta biyu. Ƙawayenta za su kawo DJ ɗinsu, na riga na ce a cikin gida kuma sai na ga takardar waƙoƙin. Amma ranar ɗaurin aure ina son kalangu a ƙofar gida. Ka tambayar mani Baba ko zai zo Katsina.

Ɗan gidan makaɗa, Daura

Na gaya masa, Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce zai zo in Allah ya kai mu. Ya ce a sanar da shi da mako biyu, zai sa a ɗaura sabuwar fata, kuma mai riƙe masa kuntuku yana Mai'aduwa, sai an aika an nemo shi.