iPhone ko Galaxy: abin da masu aiki da waya a Legas suka gani

Mai tambaya daga Agege:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina wallafa rubutu a intanet kan farashin kayan gwari a kasuwar Mile 12, kuma duk aikin a waya nake yinsa, tun daga ɗaukar hoton kwandunan tumatir da sassafe har zuwa rubutun da nake ƙarasawa a cikin motar haya. Wayata ta gaji, batirinta ba ya kai azahar. Na tara abin da na tara, amma zuciyata ta rabu tsakanin iPhone 15 Pro da Galaxy S24 Ultra. Ina roƙon duk wanda ya riƙe ɗayansu yana aiki da ita ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Wani malami daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun da rubutu ne mafi yawan aikinka, bari in faɗa maka abin da ya sa na tsaya a kan S24 Ultra. Batirinta mai ƙarfin mAh 5000 ne, kuma na gwada shi a ranar da cunkoso ya riƙe mu a gadar Third Mainland kusan awa uku: na rubuta maƙala guda, na gyara ta, na aika, na sauka da sauran cajin da ya kai ni gida. Alƙalamin da ke jikinta, wato S Pen, da farko na ɗauke shi ado ne kawai, sai ga shi da shi nake zagaye kurakurai a rubutun da ɗalibai ke turo mini. Idan na koma gida kuma, nakan haɗa ta da talabijin ta hanyar DeX, in jona mata allon bugu, ta zama tamkar kwamfuta. Ga mai rubuta Hausa akwai wani ƙarin sauƙi, domin Gboard, wato allon rubutun waya na Google, yana ba ni ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. Amma tana da nauyi da faɗi, kuma riƙe ta da hannu ɗaya a tsaye cikin kasuwa ba abin wasa ba ne.

Wata 'yar'uwa daga Obalende:
Malam ya faɗi gaskiya game da rubutu, amma ni bidiyon girki nake yi, kuma a nan iPhone ta fi mini. Launin miya yakan fito yadda yake a tukunya ko da hasken kicin bai isa ba, kuma idan na ɗora bidiyon a Instagram ba ya lalacewa sosai. Tun da Apple ya koma ramin caji irin na USB-C a 2023, caja ɗaya ta ishe ni da maigida. Shawarata ita ce kada ka sayi mai ma'ajin GB 128, domin bidiyo yana cinye wuri kamar fara ta faɗa gona, kuma babu gurbin katin memori a cikinta. Ita ma Galaxy ɗin ba ta da shi, an cire tun daga S21 a 2021.

Wani ɗan kasuwa daga Alaba Rago:
Ni kuskurena zan ba ku, ko wani zai tsira. Na sayi iPhone tokunbo a hannun wani mai shago a Ikeja saboda na ga rangwame, ban duba gefenta ba sai da na isa gida na ɗauko allurar cire layi, na juya wayar sama da ƙasa ban ga ramin ba. Ashe waɗanda ake sayarwa a Amurka tun daga iPhone 14 ba su da gurbin kati, sai layin da ake sakawa ta manhaja, wato eSIM. Mai shagon bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Kamfanonin MTN da Airtel suna bayar da eSIM, saboda haka na je ofis da lambar NIN ɗina aka mayar mini da layin, amma ni mutum ne mai canza layi duk inda sabis ya yi rauni, musamman idan na tafi Arewa sayen dabbobi, kuma wannan 'yancin ya ragu. Duk wanda zai sayi ta hannu ya duba gurbin layi, ya duba lafiyar batiri a cikin saiti, ya kuma tabbatar an cire asusun iCloud na mai ita na farko a gabansa kafin ya miƙa kuɗi.

Wani mai gyaran waya a kasuwar Computer Village ta Ikeja:
Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da nake gani kullum a kan teburina shi ne fasasshen gilashin waya, kuma na manyan wayoyin nan, kowace iri ce, kuɗinsa yakan sayi wata ƙaramar waya sabuwa, balle tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Kayan gyaran iPhone da Samsung suna samuwa a layin Otigba a yini ɗaya. Wayar Pixel ta Google kuwa, duk da kyan hotonta da alkawarin sabunta manhaja na shekara 7 irin na S24, ba a sayar da ita a hukumance a Najeriya, saboda haka na sha ajiye ta mako biyu ina jiran kaya. Ka ware kuɗin riga mai kauri da gilashin kariya da caja, domin ba a saka kan caja a kwalin ko ɗaya daga cikinsu.

Mai tambaya daga Agege:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya na shiga Ikeja na riƙe kowacce a hannu, na buga sakin layi guda a kanta, sai na ga Galaxy ta fi dacewa da mai rubutu irina, ko da yake maganar nauyin da Malam ya yi gaskiya ce. Na yanke shawarar in ɗauki mai ma'ajin GB 256, in kuma ci gaba da fita da tsohuwar wayata don amsa kira a Oshodi, inda ba na son fito da sabuwar a bakin tagar mota. Hajiya, idan na fara bidiyon kasuwa zan dawo in tambaye ki wace makirfo kike amfani da ita, domin hayaniyar Mile 12 ba ta barin murya ta fita.