Mama na shan maganin tarin fuka, in haɗa mata da jiƙon wanke hanta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Unguwar Rogo a nan Jos. Mama ta shiga sati na biyar da fara maganin tarin fuka. Tarin ya lafa, alhamdulillahi, amma yau kwana uku ba ta son abinci, zuciyarta na tashi, fitsarinta kuma ya yi ja. Gwaggo ta kawo jiƙon saiwar rawaya da shuwaka a gora, ta ce yana kare hanta daga ƙarfin ƙwayoyin. Ban ba ta ba tukuna, hankalina bai kwanta ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Wata uwa daga Gangare: Allah ya ba ta lafiya. Mu dai da rawaya aka yi mana maganin shawara muna yara. Ki ba ta kaɗan-kaɗan.

Wani mai harhaɗa magunguna: Hajiya, ki yi haƙuri, ban goyi bayan wannan ba. 'Yar uwa, jan fitsarin shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da take sha, har gumi da hawaye yakan rina. Ƙin abincin da tashin zuciyar su suka fi damuna. Cikin ƙwayoyi 4 da ake sha a wata 2 na farko, 3 na iya taɓa hanta: isoniazid, rifampicin da pyrazinamide, kuma abin ya fi yawa ga masu shekaru.

Gaskiya ne an gwada shuwaka da zogale da rawaya an ga alamar suna kare hanta, amma akasarin gwajin a kan ɓeraye aka yi, da awo sananne. Jiƙon gora kuwa wa ya san ƙarfinsa? Hantar da ta riga ta gaji ita za ta sake tace shi. Ko kurkum da ake yabo, an samu mutanen da ƙwayoyinsa suka lalata wa hanta. In kuma ta sha jiƙon jikin ya rikice, likita ba zai gane wanne ne ya yi ɓarnar ba.

Ki kai ta inda take karɓar maganin yau, a yi gwajin hanta, a duba har da cutar hanta ta hepatitis B. Su ne za su ce a dakata ko a canza ƙwaya.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ki fito da ita haske ki duba farin idonta. Kada kuma a riƙa ba ta paracetamol barkatai. Ki tafi da gorar, ki nuna musu.

Mai tambaya: Na duba, idon ya ɗan yi rawaya. Yayana ya tafi neman keke, yanzu za mu fita. Gwaggo ma ta ce za ta bi mu. Na gode, a sa mu a addu'a.