Fitilar Boxer ɗina tana ɗaukewa tana dawowa, ƙwai uku na canza

Ɗan Funtuwa:

Salam 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar mashin ku taimaka min da shawara, wlh abin ya ishe ni. Boxer ce gare ni, shekararta huɗu a hannuna, kullum da ita nake zuwa shago in dawo gida bayan isha'i kuma hanyar tamu ba kwalta ba ce, duk gargada. Kusan wata biyu ke nan ina cikin tafiya sai fitilar gaba ta ɗauke ɗif, in ɗan ci gaba kaɗan sai ta dawo da kanta kamar ba abin da ya faru. Wani lokacin kuma haske take ƙarawa sosai har ya yi fari fat, daga nan ƙwan ya ƙone. Ƙwai uku na canza. Na kai wa bakanike ya ce batir ne, na sayi sabo, ba abin da ya sauya, hon ma yanzu wani lokaci sai ya yi wata 'yar ƙara kamar an shaƙe shi.

Shekaranjiya da dare saura ƙiris in hau kan amalanken shanu, fitilar ta ɗauke daidai kan kwana, ban ga komai ba sai idon saniya a gabana, kuma yarona na baya. Tun ranar ban ƙara fita da dare ba. Abin haushin in na kai ta wajen gyara lafiya lau take kamawa, sai su riƙa kallona kamar ƙarya nake.

Rewaya Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba malam. Tambaya ɗaya kafin komai, in ka murɗa makulli ba ka tayar da injin ba, fitilar gaban tana kamawa? In ba ta kamawa sai ka yi kik, kuma a silo haskenta ya yi ƙasa in ka ba ta totur ya ƙaru, to ba daga batir take shan wuta ba, daga kwayil ɗin da ke samar da wuta a cikin injin take sha kai tsaye, yawancin ƙananan mashinan nan haka suke. Kenan kuɗin batir ɗin nan da ka kashe bai shafi fitilar ba sam.

Ni a yadda ka yi bayani matsala biyu nake gani. Ɗaukewa da dawowa waya ce ta karye ko soket ya saki. Ƙonewar ƙwai kuma wuta ce take yin yawa, wannan aikin rektifaya ne, ita ce take danne wutar da kwayil ke bayarwa kar ta wuce kima.

Ga abin da za ka yi da kanka tun kafin ka biya kowa ko sisi. Ka kafe mashin a tsakar gida da magariba, ka tayar, ka kunna fitila, sai ka riƙa juya kan mashin ɗin a hankali dama da hagu har ƙarshe. Duk wayoyin da suka fito daga ƙarƙashin tanki zuwa cikin ƙoƙon fitila ta wuyan nan suke bi, kullum ana lanƙwasa su sau ɗari, to a hankali zaren jan ƙarfen da ke ciki yake tsinkewa amma robar waje tana nan garau, ido ba zai taɓa gani ba. In ka juya kai fitilar ta ƙifta, ka kama ɓarawonka. In ba ta ƙifta ba ka sa hannu ka riƙa motsa damin wayar kaɗan kaɗan, ka buɗe ƙoƙon fitilar ka taɓa soket ɗaya bayan ɗaya, ka ɗan bubbuga makunnin dim da ful da yatsa. Shi ya sa a gareji ba ta nuna musu, mashin a tsaye yake ba ya jijjiga, kuma ba wanda ya juya kan.

Baban Ummi:

Ni dai tawa Jincheng ce amma irin haka ta taɓa min, ashe makunnin hannu ne ƙura ta cika shi lokacin hunturu, da damina ta zo kuma ya yi tsatsa kore shar. Na kwance kusoshi biyun na goge ƙarfen da samfefa, shi ke nan. Ka yi a kan tabarma ko faranti don akwai wani ɗan sifirin a ciki, in ya yi tsalle ka huta da nemansa. Ko kuma ka sa ƙwan LED kawai ka rabu da ƙonewar ƙwai.

Rewaya Sabon Gari:

Baban Ummi maganar makunni gaskiya ce, amma LED ɗin nan kar ya sa tukuna. In wutar kwayil ce kai tsaye, da yawansu ƙyafƙyafta suke yi a silo, kuma in rektifaya ba ta riƙe wuta shi ma zai mutu, ga shi ya fi tsada. A gyara ciwon tukuna.

Na manta ban faɗa ba, kafin ka sayi sabuwar rektifaya a duba wayar da take ɗaure da jikin mashin, wadda wuta ke komawa ta cikinta. In notin ya saki ko wajen ya yi tsatsa, rektifaya mai lafiya ma ba za ta iya aikinta ba, kuma da alama shi ya sa hon ɗinka yake shaƙewa. A kwance, a kankare wajen har ƙarfe ya fito fari, a ɗaure tamau. Sannan ka sa a ɗora mitar auna wuta a kan batir, injin a kashe ya nuna wajen volt 12.6, in an ba shi totur ya hau tsakanin 13.5 zuwa 14.5. In ka ga yana wuce 15 to rektifayar ta tafi. Ka duba fis ma, wasu in ya ƙone waya suke naɗawa a wajen, ranar da wani abu ya haɗu duk wayarin mashin ne zai narke.

Ɗan Funtuwa:

Alhamdulillah, Allah ya saka da alheri oga. Jiya na gwada, ina juya kan hagu fitila ta mutu, na dawo da shi ta kama, na yi ta yi har sau goma yarona yana ta dariya. Da safe na kai wa wani mai rewaya na ce ga inda za ka duba, ya yanke salatif ɗin wuyan, ya riƙa jan wayoyin ɗaya ɗaya sai ga wata ta miƙe kamar cingam, zare biyu kacal suka rage a ciki. Ya yanke wajen ya ƙara mata tsawo ya kama da dalma, ban yarda ya murɗa da hannu kawai ba. Notin jikin ma da yatsa ya juya shi tsabar sakewa. Bayan an ɗaure notin, mita ta nuna 14.2.

Tsohon batir ɗin yana nan a gida ban yar ba, kusan wata guda yana ajiye, in na kai aka yi masa caji zai ƙara amfani ko ya riga ya lalace?