Wata bakwai ina koyon dogon takobi, malam ya hana ni karawa

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a, don Allah a ba ni shawara. Karatu ya kawo ni Jamus, kaɗaici ya ishe ni lokacin sanyi, sai wani ɗan ajinmu ya ja ni inda ake koyar da faɗan dogon takobi irin na Turawan da, tsarin Liechtenauer, wani malamin takobi Bajamushe na ƙarni na 14. Wata bakwai ke nan, sau biyu a mako. Taku gaba, taku baya, tsayuwar Ochs da Pflug, sai saran Zornhau a iska har kafaɗa ta yi tsami. Malam ya ce ban isa karawa ba tukuna. Makon jiya haƙurina ya ƙare, muka gwada da wani a waje, ya same ni a babban yatsa, har yanzu a kumbure yake. In canza wuri ne?

Tsohon hannu: Ƙanena, wace irin safar hannu ka sa? Malaminka na da gaskiya. Feder, wato takobin atisaye, ba shi da kaifi, amma ƙarfe ne mai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma yatsu yake fara ci. Ni shekara guda na yi ina gyaran taku kafin a bar ni na kara.

Na Italiya: Yaya, shekara ta yi yawa. Abin da suke kira Fühlen, wato ka ji ƙarfi ko laushin abokin karawa daidai inda takubba suka haɗu, ta yaya zai koye shi a iska? Mu masu bin Fiore, malamin takobi na Italiya, tun makon farko bibbiyu muke atisaye, a hankali.

'Yar Hamburg: Ni kayan ne suka hana ni sakat. Na tara kuɗi na sayi hular kare fuska mai 1600N, wato mai ƙarfin jure suka, aka aiko wadda ta fi kaina, wata biyu mai shagon yana ja min rai.

Tsohon hannu: Fiore ko Meyer, malamin takobi mai littafin 1570, duk wanda ƙafarsa ba ta zauna ba duka zai sha. Ka koma ka ba malam haƙuri.

Mai tambaya: Safar keke ce, amma wallahi a hankali muka yi, shi ne ya yi gaggawa. Kuma malam bai san na yi ba. Akwai wanda muka fara tare, tuni an bar shi yana karawa.

'Yar Hamburg: Yatsan fa, likita ya duba?