Neman shawara: randunan ɗalibaina masu zane irin na Ladi Kwali suna fashewa a wuta

Malama Hauwa, Ringim:
Assalamu alaikum. Ina koyar da zane a makarantar 'yan mata. Na nuna wa ɗalibai shahararriyar maginiyar tukwane Ladi Kwali a bayan takardar naira 20, suka ce su ma sai sun gina randa mai zanen kifi da ƙadangare irin tata. Mun gina, amma rabi sun fashe a wuta, wasu sun tsage daidai kan layin zanen, kuma ko ɗaya ba ta yi sheƙi ba. Ina gyaran yake?

Inna Maginiya, Dawakin Tofa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Fashewa daga ruwa take ko daga yumɓun. Yumɓu zalla ba ya jure wuta. A daka tsingaro, a tankaɗe, a zuba kwano 1 cikin kwano 3 na yumɓu, a tattake da ƙafa har iska ta fita, a tsince tsakuwa da saiwa, a rufe ya kwana biyu. Kaurin jikin randa ya zo ɗaya daga gindi har wuya, misalin kaurin yatsa. In gindi ya fi kauri, sama za ta riga shi bushewa, sai ta ja ta tsage.

Shanya kuwa a inuwa, cikin ɗaki, mako guda ko fiye, daga baya a fitar rana. Iskar hunturu mugunta ce ga ɗanyar tukunya, a lulluɓe bakin da tsumma mai laima. Ranar gashi kada a cinna babbar wuta kai tsaye. A kife su a kan garwashi su ɗumama har tururi ya daina fita, tukuna a jera, a rufe da kara, ciyawa da busasshen kashin shanu.

Malam Sani, Gumel:
Malama, batun sheƙi sai an raba abu biyu, don kada yaran su karaya. Ladi Kwali ta koyi gini a hannun gwaggonta a ƙasar Gwari, da hannu, tana ɗora yumɓu zagaye bisa zagaye. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila maginin tukwane Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma ita ce mace ta farko a wurin. Randunanta masu ƙyalli na gidajen tarihi a can aka gasa su, da ruwan gilashi a jiki, cikin rufaffen murhu mai zafin sama da digiri 1200. Wutar kara a fili ba ta kusa da haka.

Ki nuna musu aikin Magdalene Odundo, 'yar Kenya da ta zo Abuja a 1974 ta koyi wannan gini. Sheƙin tukwanenta ba na gilashi ba ne, gogewa ce. Wannan kam 'yan matanki za su iya: a shafa tataccen ruwan jar ƙasa, a goge da dutse mai santsi kafin randa ta gama bushewa.

Inna Maginiya:
Gaskiyarka, Malam. Tsagewar zanen ma lokaci ne aka kuskure. Ana zane sa'ad da jikin ya yi tauri kamar sabulu, farce na shiga amma ba ya manne. Da ɗanye layin zai cushe, a bushe kuma ya ɓantare. Zurfin kada ya kai sulusin kaurin, kuma tsinken ya zama mai dakusasshen baki, domin kaifin wuƙa shi ke buɗe wa tsaga hanya. A fara gogewa, sannan zane.

Hajiya Binta, Kazaure:
A tafasa ɓawon ɗorawa, makuba ke nan, a yayyafa da reshe mai ganye da zarar an janye randa daga wuta tana da zafi. Yana ba ta duhu mai kyau, ya rage tsatsar ruwa. Ku fara da ƙananan kwanoni, Malama. Wadda aka ƙwanƙwasa ta yi ƙara tas ta gasu, mai dusasshiyar murya a daka ta a mayar cikin yumɓu na gaba.